Akwatin Sanyi a Tashar Filin Jirgi

Ihun na fara ji kafin na ga matar. Ina durƙushe ina goge ruwan saman da ya shigo mini shago da safe, sai ga wata mota ta ci burki a bakin tashar tasi ta filin jirgi. Mace ta fito, takalmi a ƙafa ɗaya, mayafi a hannu, ta nufi farar motar Dogo, ɗaya daga cikin direbobinmu, kai tsaye.

"Ita ce! Wallahi ita ce! Ga tsagewar gilashin nan, ga jan carbin a madubi!"

Ni ce mai shagon ruwan sanyi da lemo a tashar, shekara goma sha huɗu ke nan. Direbobi Uwar Tasha suke ce mini, kuma na san su kamar yunwar cikina. Mutanen kirki ne idan akwai fasinja. Amma a ce ɓarawo a gabansu, ko wanda ƙafa ke yi wa ciwo sai ka ga ya riga kowa gudu. Kafin in miƙe tsaye har sun zagaye motar, wasu sun je bayan rumfa sun jawo Dogo daga kan tabarmar da yake kwance. Bai gama buɗe ido ba aka rufe masa guda ɗaya da naushi.

Na ratsa su na kamo hannun matar, na zaunar da ita a bencina, na ba ta ruwa. Rabin ruwan a zani ya ƙare.

"Ƙanwata, me aka ɗauke miki?"

"Maganin 'yata," ta ce. "Ku bar shi da akwatin kayan, ya riƙe har abada. Farin akwatin nake so."

Malamar makaranta ce, don haka Malama muka riƙa ce mata. 'Yarta mai shekara tara tana kwance da wata cuta wadda ba a samun maganinta a nan. Ta yi tafiyar kwana uku zuwa wani babban asibiti, ta dawo da kwalabe goma sha biyu a cikin akwatin sanyi, kwalba ɗaya a wata. Allurar da ta rage a gida ta ƙare tun makon jiya. Likita ya gaya mata ƙanƙarar da ke cikin akwatin za ta riƙe maganin zuwa la'asar ta yau, daga nan in zafi ya taɓa shi ya zama ruwan banza.

Na ɗaga kai na dubi rana. Sha biyu ta ɗan gota, gajimare ya watse, ƙasa har ta fara tururi.

* * *

Shugaban tasha ya ciro waya zai kira 'yan sanda. Wata murya daga bayansa ta ce, "Kira su, amma ka ce su zo da la'asar."

Baba Sawu ne, mai facin taya a ƙofar tasha. Kafin gwiwa ta hana shi, a daji yake bin sawun dabbobin da aka sace, ya kwana uku a kan sawu ɗaya bai gaji ba. Yanzu taya yake karantawa. Ko ba ya nan mota ta wuce, in ya dubi ƙasa zai gaya maka ta wane ce. Mutum ne mara yawan magana, kuma in ya yi ba daɗi gare ta ba.

"In suka tafi da Dogo yanzu," ya ce, "kafin a gama rubuta sunan kakansa maganin nan ya dahu."

Ya zagaya motar Dogo yana kallon ƙasa, sai ya yi tsaki mai tsawo.

"Allah ya shirye ku. Mutum talatin a kan sawu ɗaya. Ko garken shanu ya fi ku ladabi."

Ya dafa murfin inji, da ɗumi. Ya tsugunna ya kankare jan taɓo daga tayar baya, ya murza a yatsu. Tasharmu baƙar ƙasa ce, jan taɓo sai hanyar gari. Ya buɗe but, ba komai a ciki.

"Motar ta fita," ya ce. "Wannan babu musu."

Aka sake yin kan Dogo. Baba Sawu ya ɗaga ƙarfen cire taya, ba don ya doki kowa ba, amma kowa ya ja baya.

"Na ce mota ta fita. Ban ce mai ita ba."

Ya ja kujera ya zauna gaban Malama.

"'Yata, faɗa mini tun daga saukowarki. Kada ki tsallake komai."

Ta ce maigidanta ne ya kira mata mota ta waya, shi yana asibiti wajen yarinya. Tana fitowa daga ƙofa, mai tura kaya na biye da ita, ta kira shi. Ya ce farar mota ce, ya karanto mata lambar, ga hayaniya, ba ta riƙe ba. Ta dai maimaita da ƙarfi, farar mota, to. Tana sauke waya wani mutum da hula da takunkumi a baki ya yi sallama, ya ce shi ne maigida ya turo.

"Kin duba lambar?"

"Baba, kwana biyu ban runtsa ba. Na ga fara ce, na shiga."

"Akwatin fa?"

"A cinyata na riƙe shi tun daga can. Shi ya ce kujera za ta jiƙe, in kawo ya sa a but. Na ce masa a hankali don Allah, duk abin da na mallaka bai kai wannan ba."

Baba Sawu ya runtse ido.

Sun yi nisa, wajen da babu gidaje, direba ya tsaya ya ce taya ta yi faci, ta ɗan sauka ya sa jak. Ƙafarta na taɓa ƙasa ya ja mota. Wani bawan Allah ne ya tsince ta a gefen titi tana gudu tana kuka, ya dawo da ita.

"Direban mai tsawo ne, ko gajere?"

"Ban sani ba. Akwatin nake kallo."

* * *

Aka fara da direban da maigidanta ya kira. Yana nan a wajen ajiye motoci, matashi ne mai gilashin ido, ransa a ɓace tun kafin a tambaye shi. Direbobin tasharmu ba sa shiri da masu motar waya, sun ce su suka cinye musu kasuwa, don haka nan da nan wasu suka yanke hukunci shi ne ya haɗa baki.

Ya miƙa wa Baba Sawu wayarsa. "Duba, Baba. Kira bakwai na yi mata, ba ta ɗaga ba. Motata ba ta motsa ba tun ƙarfe goma, ga taswirar nan tana nunawa. Da ta dubi lamba ta kwatanta, da yanzu tana gida."

Malama ta sunkuyar da kai. Na harare shi, don gaskiya ce ya faɗa, amma ba lokacinta ba ne.

Sai aka kawo mai tura kaya. Shi kam jikinsa ya ba shi, gumi yake yi har ta gemu. Wani ya ce ya gan shi yana raɗa da mai takunkumin. Aka matsa, ya ce e, sun yi magana.

"Me ya ce maka?" in ji Baba Sawu.

"Cewa ya yi in sa babban akwatin a kwance, kada in tsayar da shi, marfin but ɗin ba ya kamawa sai an danna ta hagu."

"Ta hagu?"

"Haka ya ce. Kuma da na danna ta hagun ya kama."

Baba Sawu ya juya wajen Dogo, wanda ke zaune a ƙasa da tsumma a ido. "Su wa suka san halin but ɗinka?"

"Kowa a tashar nan, Baba."

Haka ne kuwa. Filinmu ƙarami ne, motoci layi uku suke fakawa, wata a bayan wata. Duk wanda ya ajiye mota sai ya jefa makullinsa cikin wani tsohon gwangwanin madara a kan teburin rumfa, domin in ya tare wa wani hanya a gusar da ita ba sai an neme shi ba. Kowa ya taɓa tuƙa motar kowa. Shekara da shekaru ana haka, ko tsinke bai taɓa ɓata ba, kuma suna alfahari da wannan.

Baba Sawu ya sake tambayar Dogo, "Kai ina kake da safe?"

"Zazzaɓi nake yi. Tun da ruwa ya sauko na sha magani na kwanta a bayan rumfa."

"Wa ya gan ka?"

Ba wanda ya gan shi. Lokacin ruwa kowa ta kansa yake yi, da ya ɗauke kuma jirage biyu suka sauka a jere, aka watse zuwa ƙofar fitowa neman fasinja. Ni kaina ina cikin shago da tsumma.

Baba Sawu ya sallami matashin da mai tura kaya. Ya ce ɓarawon na cikin gida ne, ɗaya daga cikin masu sa hannu a gwangwani. Wannan magana ta fi naushi zafi. Mutum talatin suka tsaya kowa yana satar kallon na kusa da shi.

* * *

Azahar ta yi, aka yi salla, ba wanda ya ci abinci. Shugaba ya sa aka buɗe but ɗin kowace mota, aka ɗaga kujeru, aka leƙa bayan rumfa da kwalbati. Babu farin akwati. Wasu matasa biyu suka hau babur zuwa inda aka sauke Malama, suka dawo da takalminta ɗaya kawai.

Wayarta ta yi ƙara sau uku. A na uku ta ɗaga, ta gyara murya, ta ce wa maigidanta cunkoso ne ya riƙe ta. Da ta kashe ta kifa kai a cinyata.

"Yaya, ban iya gaya masa ba. Gonarsa ya rabu da ita don tafiyar nan."

Na riƙa shafa bayanta. Raina ya ɓaci da Baba Sawu, don tun bayan salla bai ƙara tambayar kowa komai ba. Yawo kawai yake yi tsakanin motoci yana leƙa ƙarƙashinsu kamar mai neman kazar da ta ɓata. Na je na same shi.

"Baba, biyu da rabi ta wuce. Kai kana nan kana gaida tayoyi."

"Uwar Tasha, ƙarfe nawa ruwa ya sauko?"

"Tara saura."

"Ya ɗauke fa?"

"Goma."

Bai ce na gode ba. Ya wuce rumfa ya tsaya gaban allon layi, hannu a baya.

Allon nan shi ne alƙalin tasharmu. Katako ne da ƙusoshi a jere daga sama zuwa ƙasa, kowane direba yana da ɗan ƙarfe mai lambar motarsa. Wanda ƙarfensa ke sama shi ke da fasinjan da ya zo rumfa. Duk wanda ya kai fasinja gari, ko a rumfa ya samu ko a ƙofar fitowa, yana dawowa da hannunsa zai cire ƙarfensa ya mayar ƙusa ta ƙarshe. Ba mai tsaro, ba mai rubutawa. Kunya ce kawai take riƙe da tsarin, kuma ta riƙe shi.

Baba Sawu ya daɗe a wurin. Sannan ya ce wa Shugaba ya tara kowa.

* * *

Aka cika rumfa. Malama na gefena, Dogo na zaune a kan taya.

"Tambaya ɗaya ce," in ji Baba Sawu. "Duk wanda na kira ya faɗa mini sau nawa ya je gari yau."

Ya fara daga ƙasan allo. Tun da aka yi ihun nan ba wanda ya ƙara fita, don haka allon yana yadda yake da sha biyu. Na ƙarshe ya ce sau ɗaya, ya faɗi unguwar da ya kai. Na biye da shi ma haka. Na uku daga ƙasa ƙarfen Agogo ne.

Agogo ya fi kowa daɗewa a tashar, shekara ashirin da shida. An sa masa sunan ne don bai taɓa makara ba, bai taɓa tsallake layi ba, kuma shi ke yi wa sababbin direbobi faɗa in sun manta da allo. Ɗan siririn dattijo ne, kullum rigarsa a goge. Ya ɗaga kai ya dubi allon, ya ɗan jima yana ƙanƙance ido.

"Sau ɗaya," ya ce.

"Kafin ruwa ko bayan ruwa?"

"Bayan ruwa mana. Ga ƙarfena nan a ƙasa."

"Haka ne. Zo mu gaida motarka."

Muka bi su duka. Motar Agogo tana layi na uku, can jikin katanga. Baba Sawu ya ce kowa ya tsaya nesa, wannan karon kuma aka ji maganarsa. Ya nuna da ƙarfen tayarsa.

Ko'ina a filin taɓo ne, amma ƙarƙashin motar Agogo ƙasa a bushe take ƙamas, daidai faɗin motar, kamar an shimfiɗa tabarma. Babu sawun taya a gaba, babu a baya. Ganyen da iskar ruwa ta kaɗo yana nan manne a jikin tayoyin.

"Motar nan tun kafin tara take tsaye a nan," in ji Baba Sawu. "Ka ce ka je gari bayan ruwa. Da wace mota?"

Agogo ya sunkuya yana kallon busasshiyar ƙasar, Baba Sawu ya ci gaba.

"Ka yi ƙoƙari, Malam. Ka mayar da motar Dogo gurbinta. Ka gyara masa kujera daidai tsawonsa, ka jefa makulli a gwangwani. Sannan ka juyo ka ga allo, hannunka ya yi abin da ya saba shekara ashirin da shida. Ka kai fasinja, ka sauko da ƙarfenka. Ƙarfen Dogo ga shi can na biyu daga sama, bai motsa ba."

Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya ɗaga hannu. Da wani ne da tuni an yi masa rubdugu, amma wannan shi ya koya wa rabinsu aiki. Shugaba ya zauna a kan bombar wata mota.

Agogo ya cire hula. Ya ce idonsa ne ke mutuwa, gwajin wata mai zuwa ba zai ci ba, za a karɓe masa lasin. Ya ga yadda matar ta rungume akwatin, ya ji ta ce farar mota, sai ya ɗauki makullin Dogo; da ta ce duk abin da ta mallaka bai kai akwatin ba kuwa, zuciya ta ce masa zinariya ce.

Malama ba ta bari ya gama ba. Ta cakumi gogaggiyar rigar nan da hannu biyu.

"Ina yake? Ina maganin 'yata?"

"Yana nan lafiya, 'yata, wallahi yana nan lafiya!" Har wani haske ya zo masa a fuska. "Da na buɗe a hanya na ga kwalabe da takardar asibiti da hoton yarinya, jikina ya mutu. Akwatunan na ɓoye su a bayan wani kango. Amma maganin na dawo da shi. Na ga ana son sa da sanyi, na ce kada ya lalace. Tun kafin ki zo na sa shi a firizar Uwar Tasha, can ƙasa. Da niyyar in gari ya lafa in aika miki."

Babbar firizata a bayan shago take, direbobi suna jefa gorunan ruwansu ba sai sun tambaye ni ba. Na ce alhamdu lillahi, na juya da murna zan gaya wa Malama an dace. Sai na ga fuskarta.

"Firiza?" ta ce a hankali. "Likita cewa ya yi kada ya yi zafi, kuma kada ya daskare. In ya daskare ya mutu."

* * *

Ban san na iya gudu haka ba. Kwana biyu ba mu da wuta, da ta dawo da asuba na murɗa firizar har ƙarshe don in samu ƙanƙarar sayarwa. Na ɗaga marfi, hayaƙin sanyi ya bugi fuskata. Na riƙa watso gorunan mutane ƙasa. Can a gindi, manne da bango, ga baƙar leda. Sai da na sa wuƙa na ɓamɓare ta.

Malama ta buɗe a kan teburina. Ta ɗauki kwalba ta farko ta ɗaga wajen haske, ta karkata ta. Abin da ke ciki bai motsa ba, fari fat kamar gishiri. Ta ajiye a hagu. Ta biyu ma haka. Ta uku. Ba ta yi kuka ba, kuma wallahi da ta yi da ya fi mini sauƙi. Mutum talatin na tsaye a bakin shago, ba ka jin komai sai ƙarar kwalba a kan katako.

Biyu na tsakiya Agogo ya naɗe su da takardar asibitin da hankicinsa don kada su fashe. Ta warware, ta karkata ta farko, ruwa ya gangara. Ta biyun ma ya gangara.

Na zuba ƙanƙara a ƙaramar kular da nake kai wa ma'aikata lemo, na shimfiɗa tawul a kai yadda ta nuna mini, ta kwantar da su biyun ta rufe. Wayarta ta yi ƙara. Wannan karon muryar yarinya ce, siririya, har mu muna ji.

"Mama, kin kawo?"

"Na kawo, 'yar Mama. Ga ni nan tafe."

Dogo ya miƙe da kumburarren idonsa ya ce shi zai kai ta, ko da zazzaɓin. Shugaba ya ce a'a, shi da kansa zai tuƙa. Ta shiga gaba ta rungume kular a ƙirji, ba ta waiwayi kowa ba.

Goman nan suna kan teburina, sun fara zufa. Agogo na tsaye yana ta maimaitawa, shi fa sanyi ya sa su, shi gyara ya yi niyya. Baba Sawu ya tattara su, ya kamo hannuwan Agogo biyu ya zuba masa a tafi.

"Riƙe," ya ce. "Wata goma ne na yarinyar. Ka riƙe su har 'yan sanda su zo."

Ya riƙe. Sanyi ya sa yatsunsa rawa, ruwa na bin hannun rigarsa yana ɗiga a ƙasa, yana kuka kamar ƙaramin yaro, amma bai ajiye ko ɗaya ba.